Ranar da Kwamfuta ta Girmama Dattawa

Saifuddeen Garba, haifaffen wani ƙauyen Hausawa kusa da Abu Na'ama ta ƙasar Sudan a 1984, shi ne ɗan garin na farko da ya karanci ilimin ƙididdiga a Wad Madani. Can ya koyi R, harshen kwamfuta da ake sarrafa alƙaluma da shi. Sunansa kuwa ya shiga bakin jama'a ne a kakar 2011.

A shekarar, ƙungiyar manoma ta samu buhu biyu na ingantaccen irin dawa, aka yanke a ba wanda hawasharsa, wato gonarsa ta ban-ruwa, ta fi albarka. Al'adar garin ita ce a rubuta sunaye bisa girma, dattawa a sama, mata a ƙasa. Haka Saifuddeen, wanda aka ba aikin, ya shigar da su kwamfuta: jerin sunaye daban, jerin yawan buhunan da kowa ya girbe daban. Sai ya sa umarnin sort ya jera buhunan daga mai yawa zuwa kaɗan, ya manta sunayen suna nan inda suke.

Da ya karanta sakamakon a dandali, Alhaji Jibirin mai shekara tamanin da bakwai, wanda da ƙyar yake leƙa gona, ya zo na ɗaya da buhu arba'in da ɗaya. Mai bi masa a shekaru ya zo na biyu. Wuri ya kaure da sowa.

"Kai, wannan na'ura akwai tarbiyya!" in ji Alhaji, yana kaɗa sanda. "A kawo mata shayi!"

Sai Hannatu, gwaggon Saifuddeen, wadda sunanta ke can ƙarshe, ta miƙe.

"Saifu, ɗana, buhu arba'in da ɗayan nan da hannuna na ɗinke bakinsu. Yaushe suka yi ƙaura gidan Baba Alhaji?"

Saifuddeen ya sunkuya kan kwamfutar. Ya sake dubawa, ya koma ga umarnin order, wanda ke ba da matsayin kowace lamba domin suna ya tafi tare da buhunansa. Hannatu ta haye sama, Alhaji ya gangaro da buhu shida.

Tsohon ya yi dariya har rawaninsa ya zame.

"A mayar da shayin nan! Ashe 'yar zamani ce!"

Mata suka raka Hannatu gida da guɗa, irin yana kan amalanken jaki, Saifuddeen na jan akala. Shaidu sun saɓa kan wanda ya shanye shayin.