Hancin Hureira a Kasuwar Kifin Pangkor

Sau ɗaya tak aka taɓa kayar da Hureira a gardama, kuma abin takaici, a kan kifi ne. 'Yar masuntan Yawuri guda!

Ta biyo mijinta Alkasim ne can ƙasar masu jin Malayanci, mai karatun dakta a jami'ar da ke Jalan Semarak, ta zauna a unguwar Danau Kota tana dafa farfesun kifi, ɗalibai na zuwa tapau, wato su saya su tafi da shi. Jarinta hancinta. Takan rufe ido ta sunsuni kifi, ta faɗa maka ranar da ya baro ruwa, saura kaɗan ta faɗi sunan uwarsa.

A watan Yulin 2021 korona ta kwantar da ita. Ta warke, amma jin ƙanshi da wari ya tafi bai dawo ba. Ko mijinta ba ta gaya wa ba. Ta koma sayen daskararren kifi, ta ci gaba da cika baki.

Da aka buɗe hanyoyi bayan kullen korona, maƙwabciyarta Tabitha, mutuniyar Kafanchan, ta ja ta zuwa tsibirin Pangkor tare da matan unguwa. Da sassafe suka shiga kasuwar kifi, Tabitha na gaba tana shela: "Ku matsa, ga mai hanci ta iso!"

To, ina hanyar gudu? Takunkumi ya sa tabaran Hureira ya yi hazo. Ta ja takunkumin ƙasa, ta rufe ido yadda ta saba, ta duƙa kan wani bokiti da ke gefen tebur, ta shaƙa.

"Wannan na yau ne. Shi za mu ɗauka."

Tsohuwar da ke sayarwa ta kaɗa hannu. "Tak boleh."

"Ba zai yiwu ba? Don mu baƙi ne, ko? Mai kyaun an ɓoye wa 'yan gari!" Hureira ta ɗaga murya da guntun Malayancinta, har masu yankan kifi suka ajiye wuƙaƙe suna kallo.

Tsohuwar ta waiwaya. Ta kirawo wani masunci, ya ɗebi kifin ya cusa a kejin kama ƙaguwa. Kwanansa uku, da gangan aka bar shi ya ruɓe don warinsa ya jawo ƙaguwa.

Sai a lokacin Hureira ta goge tabarau. Duk matan sun toshe hanci ta saman takunkumi. Ta mayar da nata, ta ja shi har ƙarƙashin ido.

Tabitha ta matso kusa da Hureira, murya ƙasa-ƙasa. "Maman Fatihu, tun yaushe?"

"Tun Yuli."

A jirgin ruwan dawowa babu wadda ta tsokane ta. Wannan shirun ya fi dariya ciwo. Suna isa gida ta rubuta wa masu sayen abincinta gaskiya, ta kife wayar, kwana biyu ba ta duba amsa ba.

Alkasim kuwa ya sami abin yin lacca. "Ki ajiye sana'ar nan, Hureira. Mai girki ba hanci? Idan kika ba 'ya'yan mutane abin da ya lalace fa? Tabitha ta ce za ta riƙa raka ki kasuwa, amma ni dai ban gamsu ba."

Ta ɗago ido daga kan albasar da take yankawa.

"Dakta, wata uku kana cin girkin marar hanci, kana miƙo kwano a ƙara maka. Naka hancin, shi ma korona ce ta tafi da shi?"