Takardar da Kawu Mlungisi Bai Miƙa Ba

Kawuna Mlungisi Dyantyi ya yi shekara ashirin da shida a wata masaƙa kusa da Mdantsane, amma in za a faɗi gaskiya bakinsa ya fi hannunsa aiki. Shi ne wakilin ma'aikata. In ya hau ganga ya fara magana, har mai shara sai ya jingine tsintsiya.

A 1993 kamfani ya ba su zaɓi biyu. Ko mutum ya zauna a tsohon fansho, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan duk wata har ya mutu, matarsa ta ci gaba da karɓar rabi. Ko kuma ya cike takarda ya koma sabon asusu, ranar da ya bar aiki a damƙa masa kuɗinsa gaba ɗaya.

"Wa ya taɓa ganin masaƙi ya kai saba'in?" in ji Kawu daga kan ganga. "Ƙurar auduga ta cinye muku huhu, sannan ku zauna jiran ƙarshen wata? Ku karɓi abinku da ranku!"

Amininsa Vuyisile ne ya fara sa hannu. Bhuti yake kiran Kawu, wato Yaya. "In na tsiyace, Bhuti, gidanka zan tare, ni da awakina." Aka kwashe da dariya, mutum sama da ɗari biyu suka bi sahu.

Kawu ma ya cike tasa. Ranar ƙarshe ya je har ƙofar ofis, sai ya juya da takardar a aljihun rigar aiki. Bai gaya wa kowa ba.

Bayan shekara biyar masaƙa ta rufe. Masu sabon asusu suka karɓi nasu dunƙule. Wani ya sayi shanu, wani ya yi rufin kwano, Vuyisile ya sayi bas ɗin haya da ya fi son gareji a kan titi. Dangi kuma suka ji ƙamshi. Kafin shekara uku babu abin da ya rage sai tari. Kawu kuwa nasa na shigowa duk wata, yana ce wa mutane ɗansa ne ke aikowa daga Cape Town. Ɗan nan na san shi, ko gaisuwa sai an roƙa.

Don kada a gan shi, can garin Qonce yake zuwa banki. Da ƙafarsa ta yi rauni ni nake raka shi, a nan na gane komai. A layi sai ya yi ta waiwaye.

"Kawu, wa kake nema?"

"Vuyisile ne a bayana. Ba ya magana, tari kawai yake."

Lokacin Vuyisile ya shekara huɗu a ƙasa. Kawu ne ya sayi akwatin gawarsa, kamar yadda ya sayi na mutum goma sha ɗaya kafin shi. Tausayinsa nake ji, haushinsa ma ina ji.

Duk shekara ofishin fansho kan aiko takardar shaida cewa mutum yana raye. Bara sai aka kai ta gidan Nomvuselelo, matar Vuyisile, bisa kuskure. Ta kawo da kanta, sunan tsohon fanshon ɓaro-ɓaro a bayan ambulan. Kawu ya miƙe, bakin nan da ya juya masaƙa guda ya kasa haɗa kalma biyu.

"Sisi, 'yar'uwata, ni dai..."

"Zauna, Bhuti, kar ka faɗi a kaina. Tun a ranar Vuyisile ya ga takardar a aljihunka, lokacin da kuke canja kaya."

"Ya gani? Bai ce komai ba?"

"Ni ya gaya wa. Ya ce a ƙyale ka, dole a samu matsoraci ɗaya da zai binne sauran."

Na ɗauka maganar za ta sauke masa nauyi. Ƙarshen watan muka koma Qonce. Da layi ya matsa, sai Kawu ya ja da baya, ya bar gurbin mutum ɗaya a gabansa.

"Wuce, Vuyisile," ya ce a hankali. "Kai ne ka fara sa hannu."