Idan Ka Iso Mararraba, Ka Bugo

Wayar da ke falona a Rikkos baƙa ce mai nauyi, irin wadda ake zura yatsa a juya lamba. Na yi shekaru ina zarya kafin a ja mini layin, tun ina aikin sayen kuza, kuma da aka ja shi sai ya zama na unguwa gaba ɗaya. Duk mai ɗa a Legas ko ƙane a Kaduna, lambata yake bayarwa. Mai bugowa zai gaishe ni, ya faɗi wanda yake nema, in ce ya sake bugowa an jima, sannan a leƙa a kira mutumin. Shi kuma ya zo ya zauna jira. Da damina layin kan ɗauke kafin a sake bugowa, sai baƙo ya sha shayi ya tashi bai ji muryar ɗansa ba.

Wanda ya fi kowa zama a kujerar jiran nan shi ne maƙwabcina, wani Bayarabe Kirista mai gyaran rediyo. A Jos aka haife shi, kamar ni. Ina ce masa Injiniya, yana ce mini Alhaji. 'Yarsa tana aure a Ibadan, takan bugo ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, shi kuwa tun kafin lokaci yake zuwa ya miƙe ƙafa. Idan ya ɗaga kan wayar bai ji ƙara ba, sai ya ce, "Alhaji, wayarka ya mutu kuma."

In ce masa, "Ta mutu, Injiniya. Waya mace ce."

"Ko mace ne, ko namiji ne, ya mutu dai."

Aiki da fatauci sun kai ni ƙasashe, kuma a ko'ina nakan kasa kunne in ji yadda mutane ke amsa waya. A Milan mai ɗagawa cewa yake ya shirya, kamar soja. A Landan na ji tsofaffi suna karanto lambar gidansu kafin su ce komai. A Khartum gaisuwa ce ba iyaka, sai ka manta abin da ya sa ka kira. A Abidjan na tsaya a bakin titi na yi magana da gida a rumfar waya, a shekarun da mu a nan muke bin masu hawa falwaya da roƙo da lallashi. Mu abin da muke fara faɗa shi ne, wa ke magana? Waya ta gida ce, ka san inda take, wanda ya ɗauka ne ba ka sani ba.

Salula ta shigo mana kusan lokaci ɗaya da rikicin da ya raba garin nan, shi ya sa har yau ban iya tuna ɗayan ba tare da ɗayan ba. A kwanakin da hayaƙi ya tashi, tashar da ke cikin garinmu kiɗa take sakawa, sai can a katse a ce kowa ya kwantar da hankali. Ni da Injiniya muka zauna a falona muna murɗa rediyo, muna neman tashoshin ƙasashen waje. Daga bakin wani mutum da ke wata nahiya muka ji sunayen unguwannin da muke hango hayaƙinsu ta taga.

Injiniya bai tashi daga unguwar nan da nan ba. Ya daure har aka sake yin wani tashin hankalin, sannan 'ya'yansa suka matsa masa. Ranar da ya zo sallama, da sabuwar salula a hannunsa, yana riƙe da ita kamar ƙwai. Ya karanto mini lambar na sa a tawa. Na tambaye shi ina gidan yake. Ya ce can bayan Tina Junction ne, cikin duwatsu, sabon wuri, ba sunan layi, ba lambar gida.

"Idan ka iso mararraba, ka bugo," in ji shi. "Zan fito in ɗauke ka."

Haka kowa yake kwatance a lokacin, ba wanda ya ga aibun abin. Tafiyar ma ba wata mai nisa ba ce.

Ba a daɗe ba baƙar wayar ta yi shiru na ƙarshe. Na kai ƙara ofishin waya, aka ce za a turo ma'aikata. Kafin su zo, ɓarayin tagulla suka yanke igiyar tun daga bakin titi, falwayar ta koma wurin manna hotunan 'yan siyasa. Ba wanda ya yi kukanta a unguwa. Kowa ya samu tasa, wanda bai samu ba yana da masu lema da ake biya a yi waya a kowace kwana, yarinya da teburi da kujerar roba. Kujerar jira ta falona ta zama wurin ajiye jarida.

An ce mun ci gaba, kuma ba zan ce ƙarya ba ne. Sai dai ban taɓa ganin ƙasar da dattijo ke yawo da waya uku a aljihu ba, don bai san wadda za ta yi aiki ba, sai tamu. Rabin kowace hira "Kana ji na?" ne. Tambayar farko ma ta canza, ta koma "Kana ina?" A wasu garuruwan wannan tambayar banza ce. A Jos idan aka yi maka ita, so ake a ji ko kana ɓangaren da ba za a taɓa ka ba.

Mun ci gaba da waya da Injiniya. Yakan tambayi matata Hajiya da ciwon gwiwarta, in tambayi matarsa Mama da jikoki. Kullum muna shirin ziyara. Nasa 'ya'yan suna cewa kada ya shiga Rikkos, nawa suna cewa kada in haura duwatsu. Sau ɗaya muka haɗu a mararrabar, muka zauna a bencin wani mai shayi. Na ce mu ƙarasa in ga gida, ya ce a bari ya gama shafe, kada in je in yi masa dariya. Da a zamanin baƙar waya ne, dole ta kawo shi falona kowace Lahadi ko 'ya'yansa sun so ko sun ƙi. Salula ta ba mu hanyar gaisawa ba tare da mun ga juna ba, mu kuma muka karɓa.

Bayan wasu shekaru gari ya sake rikicewa. Da ƙura ta lafa na kira shi, sai muryar nan ta mace ta ce ba a samun lambar a halin yanzu, in sake gwadawa. Ban damu ba da farko, don wannan muryar ta sha faɗa mini haka a kan mutumin da ke zaune kusa da ni. Na gwada da ɗaya layin, na gwada da na ukun. Mako ya wuce, wani ya biyo baya.

Da aka sassauta dokar hana fita na hau tasi zuwa Tina Junction. Na tsaya inda ya ce in tsaya, na buga. Muryar dai ce. Sai na shiga tambaya. Wani mai faci ya dubi hulata da gemuna ya ce, "Baba, wa ya aiko ka?" Na ce ba kowa, abokina ne tun muna samari. Ya koma kan tayarsa. Na yi wa wasu Yarbanci, suka amsa gaisuwa da ladabi, suka ce ba su san shi ba. Wata mai gasa masara ce ta rage murya ta ce, "Baba, ko na sani ba zan faɗa ba. Ba don kai ba ne." Ban ji haushinta ba. Da wani baƙo zai shigo Rikkos a makon nan yana neman gidana, abin da maƙwabtana za su ce ke nan.

Na tafi gidan rediyo in ba da cigiya. Ma'aikacin ya saurare ni, ya ce a irin wannan lokaci ba sa karanta sanarwar neman gidan mutum, amma zai iya sa ta a shirin gaishe-gaishe. Na yarda. Ranar shirin ba wuta, na kunna ƙaramar rediyo mai batir wadda Injiniya ya gyara mini da hannunsa. Aka karanta sunana, aka fara nasa, sai tashar ta ɗauke. Da ta dawo, kiɗa ne. Mako na gaba suka sake karantawa har da lambata. Mutum biyu suka kira, ɗaya yana neman aiki, ɗaya yana mini albishir da wata gasa da ban shiga ba.

Hajiya ce ta ce in nemi 'yarsa ta Ibadan. Sai a sannan na lura ban taɓa sanin lambarta ba. Ita ce kullum mai bugowa, baƙar waya kuwa ba ta nuna lambar kowa. Ita ma abin da ta sani nawa shi ne lambar falon nan. Idan akwai labarin da take son gaya mini, mai daɗi ko akasin haka, can take bugowa.

Bayan wasu watanni na sake danna lambarsa, don ya zame mini al'ada, sai na ji tana ƙara. Na miƙe tsaye. Wata matashiya ta ɗauka, ga hayaniyar manyan motoci a bayanta. Kafin in yi magana ta ce, "Kana ina? Tumatirin ya iso kasuwar Farin Gada tun ɗazu."

Na ce Injiniya nake nema.

"Wane Injiniya? Baba, sabon layi ne, kwanan nan na saya."

Kamfanin ya ga lambar ta daɗe ba a amfani da ita, ya sayar wa wata. Na yi mata fatan alheri a kasuwa, ta ce amin.

Washegari na koma ofishin waya na da, in roƙa a mayar mini da tsohon layina, ko da ranar Lahadi kaɗai zai riƙa aiki. Na tarar da ƙofa a garƙame, ciyawa ta fito a tsakar fili. Mai gadin ya ce ma'aikata sun daina zuwa, amma idan ina da salula in bar lamba.