Hadarin da Ya Zo Daga Kudu

Shekarar gasar Olamfik kasuwa ta mutu a Tianxiu, dogon benen shagunanmu a wani birni na kudancin ƙasar da ta karɓi baƙuncin gasar. Biza ta yi wuya, baƙi suka daina zuwa, muna wuni a shago muna kallon juna. Ni kuwa tun ina yaro littattafan soyayya sun cika mini kai da tsaunuka masu hazo, irin waɗanda masoyi ke tsayawa a kai yana tuna masoyiyarsa. Don haka a ƙarshen Agusta, kafin azumi, na lallaɓi maƙwabcin shagona, wani Alhaji ɗan Maraɗi, muka ɗauki hanyar kwana huɗu a ƙafa cikin duwatsun da ke arewa da birni.

Alhaji manomin gero ne kafin ya shiga fatauci, kuma yana alfahari da sanin sama. Kullum bayan asuba sai ya duba gabas, ya ce tas take. A gida daga gabas hadari ke tasowa, shi ya sa ba mu taɓa juyawa wani ɓangare ba.

Kwana biyu na farko zafi ne mai ɗanko. Ko ganye ba ya motsi. Gumi ba ya bushewa a jiki, tsuntsaye sun yi shiru, mazari suna shawagi ƙasa-ƙasa har suna taɓa gwiwa. Da yamma sama ta yi ja kamar an zuba mata jini, ni kuma na zauna ina rubuta wa wadda zan aura cewa ban taɓa ganin kyau irin wannan ba.

Safiyar kwana na uku, tsohuwar da ta ba mu masauki tana ta kwashe gyaɗar da ta shanya, mijinta yana ɗora duwatsu a kan rufin kwano, alhali rana tana ƙwalla. Ta nuna kudu, wajen teku, ta kama hannun rigata tana girgiza kai. Alhaji ya yi dariya, ya ce tsofaffi ko'ina ɗaya suke, ba sa son baƙo ya tafi.

Wajen azahar muka isa wani rafi a tsakanin duwatsu biyu. Iska ta fara zuwa ɗumi-ɗumi, ta tsaya, ta sake zuwa. Na waiwaya na ga kan dutsen da ke bayanmu ya ɓace cikin baƙin gajimare. Alhaji ya riga ya shiga rafin, ruwan bai wuce idon sawu ba. Ina kwance takalmina na lura ruwan ya koma launin shayi, yana ɗauke da ganyaye. Kafin Alhaji ya kai tsakiya ruwan ya kamo masa gwiwa, sannan ƙugu. Wani gunji yana saukowa daga sama, ba tsawa ba ce.

Da rarrafe ya fita a ɗaya gaɓar, jakarsa ta tafi. Ya juyo yana ɗaga mini hannu biyu.

"Ƙanena, kada ka shigo! Bi gaɓarka ka yi ƙasa!"

Sai ruwan sama ya kece. Haka muka yi ta gangarawa, shi a can, ni a nan, babu mai jin muryar wani. Duk sanda gora ta ɓoye mini farar rigarsa sai in tsaya cak har ta sake ɓullowa. La'asar ta wuce kafin muka ga wata tsohuwar gada ta dutse. A tsakiyarta muka haɗu, ya riƙe wuyan hannuna, yatsunsa sanyi ƙalau, bai sake ni ba har muka shiga wani gari.