Ranar da Fuskata Ta Daskare a Bawku

'Yar marigayi yayana za a aurar a Bawku, inda ta girma a hannun mahaifiyarta. Tunda uban ya rasu, ni ne babba a zuriyarmu, ni ne waliyyi. Yarinyar da kanta ta kira ni a waya ta ce, "Baba, kai nake so ka ba da ni. Muryarka irin ta babana ce." Na ce mata ta kwantar da hankalinta.

Ina da ƙane a Yendi, mai sayar da hatsi. Mun daɗe muna gaisuwa sama-sama, tun da muka saɓa kan rumbun doyar mahaifinmu. Shi ma ya kira ni.

"Yaya, ka taho Yendi ka kwana, gari na wayewa mu bi ta Gushegu tare."

Ban so in zauna kafaɗa da kafaɗa da shi a mota ɗaya ba. Na ce daga garinmu Salaga zuwa Bawku ba tafiyar tsoho ba ce.

"To ka wakilta ni mana."

Wannan ta fi yi mini zafi. Na ce ba na bukatar wakili, ina da kwamfuta.

Gaskiya ne, ina da ita. 'Yata da ke koyarwa a Tamale ta kawo mini, da wani ɗan akwatin da ke kama netwok. Ta nuna mini yadda ake buɗe burauza, wato ƙofar da ake shiga intanet ta cikinta, da inda zan danna a gan ni a ji ni. Mun gwada da dangin ango, komai ya tafi daidai. Limaminsu ya ce ba laifi, muddin shaidu za su ga fuskata su ji lafazina. Suka ce za su kafa talabijin a ƙofar gida.

Akwai wani saƙo da ya daɗe yana fitowa a gefen allon. 'Yata ta ja mini kunne: "Baba, kada ka taɓa wannan sai na zo." Turancina bai wuce na kasuwa ba, amma na tambayi wani maƙwabci, ya ce kwamfutar ce ke neman a sabunta ta. Na riƙe wannan a raina.

Ranar ɗaurin aure na idar da asuba, na sa aka share zaure aka shimfiɗa tabarmi, domin na gayyaci dattawan unguwa su zo su gani. Na fito da sabuwar riga da sabuwar hula. A gidanmu ba a shiga biki da tsohon abu. Ko butar alwala sai an sake. Na dubi kwamfutar, saƙon nan yana nan. Na ce ashe kowa zai yi sabo, ita kaɗai za ta je gaban surukai da tsohon jiki? Na danna.

Allon ya koma shuɗi, wasu ɗigogi suka shiga zagaye. Mai ɗakina ta kawo koko ta tsaya a kaina.

"Alhaji, ba wannan ne aka ce kada ka taɓa ba?"

"Wanka take yi," na ce.

"To Allah ya sa ta fito kafin a watse."

Ta fito, amma sai da hantsi ya yi, dattawa sun cika zauren ana ta raba goro. Na buɗe burauza, ta buɗu da ƙyar. Na danna inda aka nuna mini. Ga Bawku nan: rumfa, fararen riguna, liman a tsakiya, ƙanina zaune can gefe, ashe shi ya yi tafiyar. Na gyara hula, na buɗe baki zan yi sallama, sai komai ya tsaya cak. 'Yar kibiyar da ake nuni da ita a allon ta ƙi motsi. Alamar netwok ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa, alhali wayata da ke kama netwok daga akwati ɗaya da kwamfutar lafiya lau take.

Na kashe na kunna. Na ɗaga akwatin sama, na kai shi bakin taga. Na kira 'yata, tana aji ba ta ɗauka ba. Duk lokacin da na samu shiga, sai in ga rumfar na ɗan lokaci, burauzar ta sake sandarewa. Daga baya na ji cewa a can fuskata ce ta daskare a talabijin, baki buɗe, ido ɗaya a rufe, yara suna leƙe suna dariya.

Wani tsohon abokina, dillalin shanu, ya ce, "Alhaji, ko a yanka mata zakara ne?" Zaure ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma gumi ya jiƙa sabuwar rigar.

Sai wayata ta yi ƙara. Liman ne.

"Alhaji, rana ta yi, mutane sun taso daga nesa. Ta waya ba ma ganinka, ban so a zo ana magana daga baya. Ɗan'uwanka yana nan. Ka wakilta shi, shaidu su ji."

Ya sa wayar a bakin lasifika. Na ji muryata tana dawo mini daga Bawku. A gaban mutanen can da mutanen zaurena na faɗi abin da na ƙi faɗa a asirce: na wakilta ƙanina ya ba da auren 'yarmu.

"Na karɓa, Yaya," ya ce. Bai ƙara ko kalma ba. Da ya yi mini gori da ya fi mini sauƙi.

Na saurari ɗaurin auren ta waya kamar kowane baƙo. Dattawa suka shafa fatiha, suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Da 'yata ta zo hutu ta duba, ta ce sabuntawar ce ta hana kwamfutar jituwa da akwatin netwok, ita ce kuma ke sandarar da burauzar, kuma ba ni kaɗai abin ya sama ba. Ta mayar da ita yadda take a dā. Ta faɗi haka ne don in ji sanyi. Amma sauran da abin ya sama ba su ƙi shiga mota da ƙaninsu ba.

Amarya ba ta taɓa yi mini maganar ba. Tana kira ta gaishe ni da ladabi, sallah da azumi. Sai dai da ta haihu, Yendi aka fara kira, ƙanina ya zaɓi suna ya yi wa jaririn huɗuba. Ni a bakinsa na ji labarin haihuwar, na yi masa barka.