Tatsuniyar da Ta Tsiro a Gayaunar Iya

Wata Asabar ce a cikin kaka, shekarar da nake aji huɗu na firamare, aka fara ɗora ni a kan rumfar tsaron tsuntsu a gayaunar kakata Iya, can bayan garinmu Gozaki. Dawa ta yi ƙwaya, kawunanta sun sunkuya, raɓa ba ta gama bushewa ba. Yayana Sabi'u ne mai wannan aiki a da, sai ya tafi sakandare Malumfashi. Da aka rasa wanda zai gaje shi, Iya ta ce a ba ta ni, tunda zaman shiru ba ya damuna. Ta damƙa mini igiyar da aka jera wa gwangwanaye, ta nuna mini yadda zan fizga in tsuntsayen jan-baki sun sauko, ta juya. Na bi mayafinta da ido har karan dawa ya rufe shi.

Gaskiyar Iya ce, ni yarinya ce marar magana. A gidanmu, lokacin ɓarar masara, bayan sallar isha'i ake shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, yara su kewaye tulin masara, hannu na aiki, baki na tatsuniya bi da bi. Duk ranar da layi ya zo kaina, da zarar an amsa mini da "Ta zo mu ji ta," sai in sunkuyar da kai. In yi ta murza totuwa a hannu har Ladidi, 'yar baffana, ta ce a wuce Dije, ita tatsuniyarta a ciki take yi. Kowa ya yi dariya, ni ma in yi, amma in na kwanta sai in ji kamar akwai wani ɗaki a ƙirjina da ban san inda ƙofarsa take ba.

A kan rumfar nan kuwa babu mai jira in yi magana. Iska takan bi ta kan dawa tana kwantar da ita kamar ana taje gashi. Daga nesa nakan jiyo makiyayi yana kiran shanunsa, gajimare kuma su yi ta sauya kama, yanzu raƙumi, an jima tsohuwa ɗauke da ƙwarya. Da hannuna ya gaji da fizgar igiya, sai na lura tsuntsayen ba sa sauka in suka ji muryar mutum. Na fara yi musu tatsuniyoyin da na sani. Da na manta tsakiyar wata, na cike gurbin da abin da ya zo mini. Sannu a hankali na bar na mutane, na kama tawa: wata yarinya da tsuntsaye suka ari muryarta ba su dawo da ita ba, ta bi su gona gona tana nema. Kullum bayan makaranta nakan ƙara mata tafiya. Sai da na sa ta zauna a gindin tsamiya tana kuka ba sauti, na ji nawa idon ya cika, sannan na gane wace ce ita.

Ina cikin haka wata la'asar, na ji tari a ƙarƙashin rumfa. Iya ce, riƙe da kwanon ɗanwake, kuma da alama ta daɗe a tsaye. Duk yaron garinmu ya san ba a tatsuniya da rana. Wanda ya yi, ɓata zai yi a hanya. Na tambaye ta ko zan ɓata. Ta ajiye kwanon, ta daɗe tana duban dawarta kafin ta amsa.

"Akwai magani, ƙawata. Wadda aka fara da rana, sai a ƙarasa ta a gaban mutane kafin a kwanta. In ba haka ba, babu ruwana."

A hanyar gida na riƙe bakin zanenta gam, ina duba kowace mararraba kada ta sauya mini. Tuwo ma kasa ci na yi. Da aka zauna ɓarar masara, layi ya zo kaina, Ladidi ta buɗe baki za ta ce a wuce ni, Iya ta ce a bar yarinya. Tsoron ɓata ya fi kunya ƙarfi. Na rufe ido, na mai da tsakar gidan gona, na mai da 'yan'uwana tsuntsaye, na fara. Muryar ta fito siririya, daga baya ta zauna. Ban san hannuwa sun daina ɓara ba sai da na tsaya haɗiyar yawu, na ji shiru. Na kai yarinyar har inda ta tarar da muryarta a cikin wata sheƙa, tsuntsaye sun kwanta a kanta kamar ƙwai don kada ta yi sanyi.

Ladidi ce ta fara magana. Ta ce ita ba ta taɓa jin wannan ba, a ina na samo ta?

"A gonata ta tsiro," in ji Iya, tana kaɗe zanenta.

Yanzu ina koyarwa a Funtuwa, ina kuma rubuta labarai. Iya ta rasu, Allah Ya jiƙanta, gayaunar kuma waken soya ake shukawa, babu rumfa, babu gwangwani. Yaran gidanmu waya suke kewayewa bayan isha'i. Ni ma ɗakina ba ya rabuwa da ƙarar Keke Napep da kiran waya, har nakan yi kwanaki ban ji abin da zuciyata ke faɗa ba. Kwanan baya na tambayi Innata maganin nan na tatsuniyar rana. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin sa ba, Iya ce ta ƙirƙiro abinta a ƙarƙashin rumfa.

Har yau, in labari ya ƙi zuwa, nakan kashe waya in rufe ido, in jira iska ta bi ta kan dawa.