Idon Subhan Magray

Duk wanda ya san rafin Bringi ya san Subhan Magray, ko da sanin bai yi masa daɗi ba. Gajere ne, mafaɗaci, kullum yana warin taba. Tun yana saurayi aikinsa ɗaya, raka baƙi masu kamun kifin tirawut, aikin da ubansa ya mutu yana yi.

Mai sa tsutsa a ƙugiya, a wurin Subhan, ɓarawo ne kawai. Su kuwa, gashin wuyan zakara suke ɗaurawa a ƙugiya ya yi kama da ƙwaro, a jefa ya sauka a hankali, ruwa ya tafi da shi bai nutse ba. Kifi na tasowa ya cafka, sai a fizga nan take. Sanda tana hannun baƙo, amma idon na Subhan ne. Yakan durƙusa bayan dutse, da ya ga bakin kifi ya keta ruwa sai ya ce, "Ja!" Da wannan ihun ya ci da gidansa, ya aurar da 'ya'yansa.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Matarsa Mughli ce ta fara ganewa, ranar da ya tsiyaya shayin gishiri a gefen kofi.

"Maigida, ka je a duba ka mana."

"A duba me? Ke kika ajiye kofin a karkace."

"To, sai mu kai kofin asibiti."

Bai je ba. Tsoro yake ji. Ya san in aka gan shi a layin masu ciwon ido, kafin ya dawo labari ya cika garin Kokernag, samarin nan masu baƙin tabarau su raba baƙinsa. Sai ya koma aiki da kunne, yana jiran 'yar ƙarar da kifi ke yi in ya taso. Mughli ke zura masa zare a ƙugiya tun daga gida. Duk da haka ihunsa ya riƙa makara, baƙi suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya.

Mutum ɗaya ya rage, Masta Raina, tsohon malamin makaranta da ya bar kwarin Bringi a shekarun tashin hankali. Duk lokacin zafi yakan zo daga Jammu, kuma ba ya yarda da kowa sai Subhan. Muddin Masta na neman sa, Subhan na nan da sunansa.

Ranar nan suna bakin rafi ƙarƙashin bishiyoyin wata gonar tuffa, Subhan ya ji ƙarar. "Ja!" Ya ji sanda ta keta iska.

"Kash, ya kuɓuce!" in ji Masta. "Ƙato ne, Subhan. Laifina ne."

"Haba Masta! Hannu kamar na mai dama kunu! Duk makon nan asara kake ja mana."

Masta ya yi dariya, ya ajiye sanda a ciyawa, suka zauna cin burodi. Subhan ya zura ƙafafunsa cikin ruwa. Can sai ƙarar ta sake zuwa, daga wuri ɗaya, ba bambanci ko kaɗan. Jim kaɗan wani abu ya bugi ƙwaurinsa. Ya laluba ya ɗauko. Ƙaramar tuffa ce ɗanya, mai sanyi.

Ya daɗe yana juya ta a hannu. Ashe faɗuwar tuffa cikin ruwa yake ji, ba kifi ba. Duk ƙattin kifayen da suka kuɓuce a makon nan, tausayin Masta ne. Kunya ta kama shi. Da zagin sa Masta ya yi, da ya fi sauƙi.

"Gobe da sassafe ko?" in ji Masta, yana kakkaɓe wando.

"Gobe ka nemi ɗan gidan Wagay, mai baƙin tabarau ɗin nan," Subhan ya ce. "Ba shi da kunya, amma yana gani."

Subhan ya miƙe, ya miƙa hannu.

"Riƙe ni, Masta. Ban san inda hanya take ba."